Shekarar da Na Yi wa Tsuntsaye Noma

Shekaranjiya da la'asar hadari ya haɗo ta bayan duwatsun Kazaure, baƙi ƙirin, iska tana kawo ƙamshin ƙasar da aka jiƙa a wani garin da ba namu ba. Ina zaune a gindin darbejiyar ofishinmu na malaman gona, sai ga wani dattijo daga wajen Gwiwa ya jingine babur ɗinsa. Muka gaisa, ya ce, "Malam Nasiru, tambaya ɗaya ce ta kawo ni. In ruwan nan ya sauka, mu shuka ko mu jira?"

Na gyara zama. Na ce masa tambayar tana da kyau, sai dai tana da rassa. Ina cikin jero masa rassan ne, yana kallona yana kallon sama, wata damina ta faɗo mini a rai, wadda aka yi shekara goma sha wani abu da suka wuce, lokacin da azumi yake zuwa a tsakiyar ruwa.

A lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. Harkar gudanar da mulki na karanta a jami'a. Ba zan ce ina son ta ba, ba kuma zan ce ba na so ba. Ranar zaɓen fanni na tsaya ina tunani har wanda yake bayana a layi ya gaji ya zaɓa mini. Da na dawo aka yi mini hanya na samu aiki a wani ofis a Kazaure. Mu huɗu ne a ɗakin, kujera uku. Wanda ya makara shi yake wuni a tsaye a bakin taga, shi ya sa ban taɓa makara ba, kuma in gaskiya za a bi, wannan ne babban aikin da zan iya nunawa na yi a can. Albashi yana shiga, ni kuwa ina jin kamar na ɗauki kayan wani. Kullum da ciwon kai nake komawa ɗakin da na kama haya. Na yi tunanin koyarwa, na yi tunanin sarin hatsi, na yi tunanin komawa karatu, na yi tunanin sayen keke mai ƙafa uku. Kowanne na samo masa dalilan yi, na kuma samo masa dalilan bari, suka zo daidai wa daida. Har mai ƙosan bakin ofis ta san halina. In na tsaya a gabanta, sai ta ci gaba da sallamar na bayana, ta ce, "Ɗana, in ka gama shawara tsakanin ƙosai da dankali, ka yi mini magana."

Ana cikin haka, ƙarshen bazara, aka aiko mini cewa Baba ya faɗi da babur a yashin hanyar kasuwar Babura, ƙafa ta karye. Mai ɗori ya ɗaure, ya ce ba shi ba gona sai bayan kaka. Ni kaɗai ne ɗa namiji a gidanmu. Damina ta bara kuwa ba ta yi kyau ba, rumbu bai kai rabi ba. Na shiga wurin shugabanmu ina ta murza hula, na yi masa bayanin irin giɓin da tafiyata za ta iya bari. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Je ka, Nasiru, Allah ya ba shi lafiya. Ba wanda zai lura." Alheri ya yi mini, na sani. Amma maganar ta bi ni har cikin mota.

Ƙauyenmu yana arewa, tsakanin Kazaure da Babura, inda dutse yake ƙarewa yashi ya karɓa. Zafin shekarar ban manta da shi ba. Kafin hantsi ƙasa ta fi ƙarfin tafin ƙafa, kaji suna kwance a gindin randa baki buɗe, ruwan rijiya ya ja ƙasa har sai an ƙulla igiya a kan igiya. Inna tana tashi tun asuba ta yi surfe kafin rana ta yi ƙarfi. Baba yana kwance a zaure, ƙafa a miƙe cikin karare, yana ba da umarni ga duk wanda ya gifta, har awaki. Sai kakata Iya, mahaifiyar Baba, wadda tun ina cikin zani take kirana angonta, kuma ba ta taɓa barin rana ta faɗi ba ta tsokane ni ba.

"Maraba da angona na gwamnati," in ji ta ranar da na iso. "Ka zo mini da lefe, ko ka zo da hannun nan naka mai laushi kamar tuwon shinkafa?"

Al'adar garinmu a kan shuka ɗaya ce. Ba mai taɓa iri sai ruwan shuka ya sauka. Washegari bayan sallar asuba dattawa su tona ƙasa a bayan masallaci, in laima ta nutsa yadda suke so, sai a ce a fita, gari duka ya fita rana ɗaya. Ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka zumunci ne kawai. Baba ma abin da ya ce mini ke nan: "Ka duba abin da mutane suka yi, ka yi."

To, amma ni na ji a rediyo ana cewa ruwan bana zai iya zuwa da wuri ya ɗauke da wuri. Wani kuma a tasha ya ce mini a'a, makara zai yi. Ranar kasuwar Babura na haɗu da wani mutumin Nijar yana sayar da irin gero, ya ce nasa yana nuna tun na mutane bai fitar da kai ba. Na saya, don kada ya zama gaskiya ya faɗa. Na dawo gida kaina yana zafi, na zauna gaban Baba na kawo masa tsarina: a raba gonar uku. Ta gabas, wajen kwari, in binne irin mutumin Nijar tun ƙasa tana bushe, ko da ruwa zai zo da wuri. Ta tsakiya in shuka tare da gari, ko da gari ne da gaskiya. Ta yamma in jira sai damina ta zauna sosai, ko da duka biyun sun yi kuskure. Na kawo amfanin kowanne, na kawo illarsa, na koma na kawo illar amfanin. Ina jin daga azahar na fara. Da aka kira la'asar Baba ya rufe ido ya ce, "Nasiru, ciwon ƙafar nan ya ishe ni. Gonarka ce bana. Yi yadda ka ga dama, ka dai bar ni in huta."

Iya tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Angona, ka tanadi tabarmi. Bana za ka yi baƙi."

Na tambaye ta su wa, ta ƙi faɗa.

Haka na ɗauki sungumi na shiga gona ni kaɗai cikin ranar nan, ina sara, ina dawowa ina zuba iri, ina rufewa da ƙafa. Hannuna ya yi bororo ya fashe. Baffa Bawa, aminin Baba wanda gonarsa take jikin tamu, ya zo ya tsaya a kan iyaka, hannu a baya.

"Sannu da aiki, ɗan boko. Wa ya rasu ake binnewa?"

Na yi masa bayani. Bai tsaya ya ji ƙarshe ba, ya ce yana da uzuri.

Aka yi wani ɗan ruwa wanda dattawa suka tona suka ce bai isa ba. Ni kuwa ya isar wa binnena, ya tsiro, siriri kamar gashin jariri. Sai sama ta kulle. Kullum da safe ina tsugune a kansa ina kallon ganyen yana naɗewa, da yamma in koma in ga ya ɗan saki. Na rame fiye da geron. Laimar kwarin nan ce ta riƙe shi, ba dabarata ba, har ruwan gaske ya zo da wata irin iska da ta kwashe mana dangar bayan gida. Washegari gari ya fita. Wannan rana tana cikin ranakun da na fi so a rayuwata: ƙasa mai sanyi a tafin ƙafa, maza a gaba da sungumi, mata da ƙwarya a baya, ana ta ba'a daga gona zuwa gona. Na shuka ta tsakiya tare da su. Ta yamma kuwa sai da kowa ya gama noman farko sannan na shuka ta.

Kafin wata ya zagayo gonarmu ta zama abin kallo. Gabas ta kai ƙugu, tsakiya ta kai gwiwa, yamma ko idon sawu ba ta rufe ba. Masu wucewa kasuwa suna rage gudu. Iya ta sa aka kai ta ta gani, ta dawo ta ce wa Baba, "Ɗanka ya yi wa gona irin askin da wanzami yake farawa a kira shi gidan suna." Ranar da muka kira gayyar noma, Inna ta dama fura da ɗan abin da ya rage, mutane suka zo da fartanyu suka tsaya cirko-cirko. Wani ya ce, "Malam Nasiru, wace daga cikin daminonin naka za mu fara nomewa?"

Daga nan abinci ya fara ja baya. Tuwo ya koma sau ɗaya. Da rana kwaɗon tafasa ne da ɗan ƙuli, wani lokacin rama, har bakin mutum ya yi tsami. Inna ta daina aiken kowa rumbu, ita take shiga da kanta, kuma na lura kullum tana daɗa jimawa a ciki. Ba mu kaɗai ba ne, gari duka haka ake, kowa yana kallon gero kore shar wanda ba a iya ci. A haka aka ga watan azumi. Sahur kunu ne tsararo, buɗa-baki kunu ne da ya ɗan fi kauri.

Sai gonata ta gabas ta fitar da kai, ta yi bununi, ta fara ido. A duk faɗin ƙasarmu, daga bakin hanya har inda ido ya tsaya, ba wani gero mai ƙwaya sai nawa. Na yi murna yini ɗaya.

Washegari da sassafe na doshi gona na ji wata ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano. Jan-baki ne. Ban san Allah ya halicci tsuntsu da yawa haka ba. Suka tashi kamar hayaƙi, suka yi kwana, suka sake sauka. Ina tsammanin har daga Roni da Gwiwa an samu wakilai, ban kuma cire na ƙetaren iyaka ba, tun da irin nasu ne. A nan na gane baƙin da Iya take nufi, na kuma gane abin da ya sa gari yake shuka rana ɗaya: in gero ya nuna tare, tsuntsu yana rabuwa, kowa ya ba da kaɗan. Ni na haɗa musu walima ni kaɗai.

Na ja igiyoyi na rataya gwangwanaye. Na samo majajjawa, jifan farko na cire wa kaina hula. Daga fitowar rana har faɗuwarta ina zagaye ina ihu da bakin azumi, harshe kamar busasshiyar fata, in ruwa ya sauko ya dake ni, in rana ta fito tururi ya tashi daga rigata. Na kafa mutum-mutumi na sa masa kakina na bautar ƙasa, har da hular. Tsuntsayen suka girmama shi na ɗan lokaci, daga baya suka mai da hular wurin hutawa. Wata rana da azahar na zauna ina haki ina kallonsa: yana tsaye cikin kayan gwamnati, bai makara ba, bai tashi da wuri ba, bai kuma hana komai faruwa ba. Na ga kaina a ofis sak. Dariya ta zo mini, amma ba ta yi daɗi ba.

Wani abu kuma ya dame ni. Na tare liman bayan la'asar na ce, "Allah gafarta Malam, zagin tsuntsu yana taɓa azumi?"

Ya dube ni da kyau ya ce, "Bai karya ba, Nasiru. Amma muna jiyo ka daga masallaci. Ka rage ambaton iyayensu."

Baffa Bawa kuwa har gida ya zo ya yi wa Baba godiya. "Allah ya yi wa yaron nan albarka. Tun da nake noma ban taɓa ganin shekarar da ko tsuntsu ɗaya bai leƙa gonata ba."

Ana cikin goman ƙarshe, wata safiya Inna ta kira ni bayan ɗaki. Ta nuna mini ƙwarya, tsaba ce a ciki wadda ba ta rufe gindin ƙwaryar da kyau ba, haɗe da ƙasar da tsintsiya ta kwaso. Ta ce, "Na share rumbu. Kada Babanku ya ji, ƙafarsa ta ishe shi. Geron mutane da saura. Naka na gabas, yaushe?"

Na san geron nan kai da kai. Na wuni da shi fiye da yadda na taɓa wuni da wani mahaluƙi. Da safen nan ma na murza ƙwayarsa da farce na ji ta yi tauri. Na buɗe baki in ce wataƙila, sai na ji kalmar ba ta da wurin zama.

Na ce, "Jibi."

"Tabbas?"

"Tabbas, Inna."

Ashe Iya tana bayan danga tana alwala. Ta ɗaga murya: "Jama'a ku zo ku shaida! Angona ya yi magana ɗaya ba wutsiya!"

Na fita ina ta sake lissafi a raina. Amma jibin na yanka. Abin da baƙina suka bari bai wuce rabi ba, wasu kawunan an yi musu sanƙo har wuya. Da yamma Inna ta gasa tumu a bakin murhu, ƙamshinsa ya cika gida ya tsallaka maƙwabta. Da aka kira magariba na murza shi a tafin hannu, na hure, na zuba a baki da ɗuminsa. Na ci abinci a wurare tun daga lokacin, ban dai sake cin irin wannan ba. Kafin isha mata sun fara sallama, kowace da ɗan kwano a cikin mayafi, wai sun zo duba ƙafar Baba. Inna ba ta mai da kowa hannu wofi ba. Matar Baffa Bawa ma ta zo. Da sabon gero aka yi furar Sallah a gidaje da dama a shekarar.

Kada in ƙawata labarin fiye da yadda yake. Ta tsakiya ta yi daidai da ta kowa. Ta yamma kuwa ruwa ya ɗauke ya bar ta tana ɗauke da ciki, ɗan abin da ta fitar ya nuna bayan kowa ya girbe nasa, baƙina suka dawo yin ban kwana. Karan ne kawai shanun maƙwabtanmu Fulani suka mora. Da aka ɗaure dammuna, abin da na samu bai kai na shekarar Baba mai kyau ba. Sai dai ba ranar da ba a hura wuta a gidanmu ba.

Ranar da Baba ya fara taka ƙafa da sanda, ya ce in raka shi gona. Ya daɗe yana kallon mutum-mutumin, kakin ya koɗe, kashin tsuntsu ya yi masa ado a kafaɗa.

Ya ce, "A wurin aikin naku ma haka kake damuwa?"

Na ce, "Fiye da haka, Baba."

"A kan me?"

Na nema ban samu ba.

"To, nan fa?"

"Nan a kan tsuntsu ne. Da ruwa. Da rumbu."

Ya ce, "Uhm," ya juya muka kama hanyar gida. Bai ƙara komai ba, shi ba mai dogon bayani ba ne, ban san inda na gado nawa ba. A hanyar ne na lura rabona da ciwon kan nan tun ranar da na ɗauki sungumi. Damuwar tana nan yadda take, ba ta ragu ko kaɗan ba. Ta dai samu abin yi.

Bayan kaka Baffa Bawa ya zo da wasu dattawa, suka yi ta zagaye-zagaye kafin su ce ko akwai ragowar irin nan. Suna so baɗi kowa ya ware ɗan gefe ya shuka shi, a rana ɗaya, don a samu na tsallake yunwar tsakiyar damina, tsuntsu kuma ya rabu. Baffa ya ce, "Sai dai ba mu san gona nawa za ta ishe su ba. Kai da ka zauna da su, me ka gani?"

Na ce ban sani ba. Amma na kwana biyu tambayar tana cina, irin cin da ba abin da ya taɓa yi mini a ofis. Da na koma Kazaure na tarar an ba wani kujerata, kuma gaskiyar shugabanmu ce, ba wanda ya lura. Na nemi a mai da ni sashen gona. Ba a rana ɗaya na yanke shawarar ba, kada a ɗauka na canza hali. Sai da na kai wata damina ina aunawa. Daga baya na koma makaranta na yi karatun aikin gona, ga ni yau. Iya ba ta ga ƙarshen karatun ba, Allah ya ji ƙanta. Har ta rasu in ta ga tsuntsu a kan danga sai ta ce mini, "Fito, dangin amarya sun zo."

Yanzu kusan kowane gida a wajenmu yana da ɗan gefensa na gero mai saurin nuna, matasa ma suna ɗauka haka aka gada. Waya tana faɗin ranar ruwa, wani lokacin har ta dace. Ni kuma na samu aikin da in ka ce wataƙila ba ƙarya ka yi ba, don ba wanda ya san abin da sama za ta yi. Ban ce shi ne aikin da aka halicce ni dominsa ba, wannan magana ce babba. Na dai san in na tashi da safe ina da abin da zan damu a kansa.

Duk wannan ya wuce mini a rai shekaranjiya, bakina kuwa bai tsaya ba. Na gaya wa dattijon nan na Gwiwa ya duba zurfin laima, ya duba irin da yake hannunsa, kuma ko me zai yi kada ya yi shi kaɗai, ya shawarci maƙwabtansa. Ina shirin shiga reshe na gaba sai ɗigo ya faɗo mini a hanci. Wani ya faɗo a kan sirdin babur. Kafin mu miƙe ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, muka ruga baranda muna kallon tsakar ofis tana cika.

Dattijon ya matse hularsa, ya dube ni yana murmushi.

"Bar shi haka, Malam Nasiru," in ji shi. "An riga ka ba da amsa."